Kwana Biyu a Tanti Kusa da Filin Dagar Tewkesbury

Shekara biyu cur tantin da na saya ya yi a naɗe cikin jakarsa, ban taɓa warware shi ba sai a ƙarshen mako na biyu na watan Yuli, lokacin da garin Tewkesbury da ke yammacin Ingila yake gudanar da bikinsa na tarihi, inda ake kwaikwayon yaƙin da aka gwabza a wurin a 1471. Na daɗe ina jin labarin bikin, amma abin da ya tayar da ni a wannan karon shi ne wani aminina da ke zaune a birnin Gloucester, mil 10 kacal daga wurin, wanda rabona da shi shekara huɗu ke nan. A tsakanin nan mahaifinsa ya rasu, ni kuwa ta waya na yi masa ta'aziyya, abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar. Zumunci a ƙafa yake, kuma tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota ba ta isa zama uzuri ba.

Na bar Birmingham ranar Juma'a da la'asar, na bi babbar hanyar M5 na yi kudu, ina hango tsaunukan Malvern ta hannun dama har na sauka daga babban titi. Wurin da na kama zango gona ce a wajen gari, inda manomin ya ware wani fili mai ciyawa domin masu kwana a tanti, ya sa musu famfo da banɗaki a gefe guda. Na tarar da tantuna sun haura ashirin, kowa na harkar gabansa cikin natsuwa.

A nan na gane cewa kafa tanti aiki ne mai ƙa'ida. Na shimfiɗa shi, na zura sanduna, ya tashi tsaye yadda ya kamata, amma da na zo kafa turaku sai na ga ban zo da guduma ba, ga ƙasa ta bushe ta yi tauri. Wani dattijo da ke maƙwabtaka da ni, wanda shi da matarsa suka daɗe suna irin wannan fita, ya taso da tasa gudumar ba tare da na roƙa ba. Bai tsaya ga ba ni aro ba, sai da ya durƙusa ya nuna mini cewa ba a kafa turke a miƙe, ana karkatar da kansa ne ya ba wa tanti baya, domin idan iska ta ja igiya ya ƙara nutsewa maimakon ya tumɓuke. Ya kuma sa na juya ƙofar ta ba wa yamma baya, saboda daga can iska da ruwa suka fi zuwa a wannan ƙasa, sannan ya gargaɗe ni kada in bar rigar tantin ta waje ta taɓa ta ciki, don ta nan danshi yake ratsowa. Duk abin da ya faɗa kuwa sai da na ga amfaninsa kafin gari ya waye.

Bazarar Ingila tana da doguwar rana. Sai bayan ƙarfe 9 na dare rana ta faɗi, kuma har wajen ƙarfe 10 mutum yana iya ganin fuskar na kusa da shi ba tare da tocila ba. Zafin yini ya sa na ɗauka daren ma haka zai kasance, amma wajen ƙarfe 3 sanyi ya tashe ni, irin wanda yake tasowa daga ƙasa ya ratsa tabarma ya shiga ƙashin baya. Na kwanta ina sauraron kukan tumaki daga nesa da ɗigar raɓa a kan rufi, tsakanina da sararin Allah babu komai sai ƙyalle. Kafin ƙarfe 5 gari ya yi haske, na fito na tarar da ciyawa ta jiƙe sharkaf, hazo ya kwanta a kan kwarin kogin Severn. Ina da jakar barci da rigar sanyi da mota a kusa, amma duk da haka na tashi jikina yana ciwo. Wannan ciwon ya raka ni har filin bikin, kuma shi ya sauya yadda na kalli duk abin da na gani a can.

Da hantsi na isa Gloucester. Aminin nawa ya tarbe ni tun daga bakin titi, muka rungume juna, kuma kafin in zauna na sake yi masa gaisuwar mahaifinsa baki da baki, na nemi afuwar jinkirin da na yi.

"Haba Malam, ai ka zo ke nan," in ji shi. "Wanda ya tako da ƙafarsa ba a yi masa lissafin kwanaki."

Uwargidansa ta fito muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗansu, wanda na bari bai kai kafaɗata ba, yanzu yana da shekara 17, ya kere ni tsawo. Ya rusuna ya ce, "Baffa, sannunku da zuwa," sannan da ya ji inda na dosa sai ya tsaya a bakin ƙofa bai tafi ba. Mun yi kusan awa uku muna hira, mafi yawanta a kan marigayin da kwanakinsa na ƙarshe, hirar da waya ba za ta taɓa ɗauka ba domin rabinta shiru ne. Daga bisani aka yanke shawarar cewa uban da ɗan za su bi ni bikin, yaron kuma zai kwana tare da ni a tanti.

Hanyar da muka bi daga Gloucester zuwa Tewkesbury ita kanta wani ɓangare ne na labarin. Tun shekarar 1455 gidaje biyu na zuriyar sarauta ɗaya, gidan York da gidan Lancaster, suke ta gwabzawa a kan gadon mulkin Ingila, rikicin da daga baya aka laƙaba masa sunan furen wardi, fari na York, ja na Lancaster. A ranar 14 ga Afrilun 1471 Sarki Edward na Huɗu na gidan York ya yi nasara a yaƙin Barnet kusa da Landan, kuma a wannan rana ce Sarauniya Margaret, matar Sarki Henry na Shida na gidan Lancaster da ke tsare a Landan, ta sauka a gaɓar Weymouth daga Faransa tare da ɗanta tilo, Yarima Edward. Niyyarta ita ce ta tsallake kogin Severn ta shiga Wales, inda Jasper Tudor, wani jigon gidan Lancaster, yake tara mata mayaƙa. Gadar da ta fi kusa tana Gloucester, amma da rundunarta ta iso a ranar 3 ga Mayu sai mai riƙe da garin, Richard Beauchamp, ya rufe ƙofofi bisa umarnin Sarki Edward. Ba su da lokacin yi wa garin ƙawanya domin sarkin yana biye da su, don haka suka ci gaba da tafiya arewa, a gajiye, har Tewkesbury. Tafiyar da ta cinye musu sauran ƙarfinsu mu mun yi ta cikin ƙasa da rabin awa.

Tun daga shiga gari mutum zai san ana sha'ani, domin an rataye tutoci masu tambarin manyan mayaƙan ɓangarorin biyu a jikin gine-ginen manyan tituna, wasu gidajen ma na katako ne da farin shafe, masu ɗaruruwan shekaru. An faro bikin ne a shekarun 1980, kuma 'yan sa-kai ne suke riƙe da shi. Ana yin sa a wani ɓangare na ainihin filin da aka gwabza, abin da a ganina ya bambanta shi da wasan kwaikwayo na dandali.

Mun fara da sansanin masu kwaikwayon, inda ɗaruruwan mutane, maza da mata da yara, suke kwana a manyan tantunan zane masu kauri, suna sanye da tufafin ƙarni na 15, suna gudanar da rayuwa irin ta wancan zamani. Akwai maƙeri da zugazuginsa da uwar maƙera, akwai masu saƙa da masu rini da dukawa, akwai wani da ke zaune yana ɗaura gashin dinya a gindin kibiya da zare. Mun ratsa waɗannan da sauri, amma a gaban wani mutum mai gyaran sulke muka daɗe. Yana riƙe da ƙaramar awartaki, yana ɗaukar zobban ƙarfe da ba su kai faɗin farce ba, yana sarƙa kowane ɗaya cikin huɗu, sannan ya rufe bakinsa da 'yar mitsitsiyar ƙusa. Ya miƙo mini hannun riga guda da ya gama, na karɓa da hannu ɗaya ina zaton abu ne mara nauyi, sai ya zube a tafina kamar ruwa, mai sanyi, mai nauyi, yana warin mai da tsatsa. Riga ɗaya tana cin dubban irin waɗannan zobba, kuma kowanne sai hannun mutum ya bi ta kansa.

Da ya ga yadda yaron yake kallon kayan, sai ya ce ya matso ya gwada. Ya fara sa masa lifidi, wato riga mai kauri da aka cusa wa tsumma aka ɗinke, wadda ita ce kariyar yawancin talakawan mayaƙa, sannan ya ɗora masa ƙarfen ƙirji ya ɗaure da maɗauran fata ta baya, ya kifa masa kwalkwali. Ya bayyana mana cewa cikakkun kayan ƙarfe na babban mayaƙi suna kai kilo 20 zuwa 25, kuma da yake nauyin a rarrabe yake a jiki, mutum yana iya gudu da hawa doki da su, amma babban abokin gabarsa shi ne zafi, domin babu ta inda gumi zai fita. Ba a yi minti biyar ba yaron ya ce, "Baffa, ku cire mini, numfashina yana dawo mini." Ni ma na karɓi kwalkwalin na sa. Da aka sauke murfin fuskar sai duniya ta koma wata 'yar siririyar tsaga, ba na ganin ƙafafuna, ba na ganin wanda ke gefena, muryar aminina tana zuwa kamar daga cikin rijiya, abin da na fi ji shi ne fitar numfashina. Na karanta labarin yaƙe-yaƙe da dama a littattafai, inda ake zana runduna da kibiyoyi a kan taswira kamar kowa yana ganin abin da ke faruwa, amma a cikin wannan ƙarfe na fahimci cewa wanda ke tsakiyar daga bai san komai ba sai mutumin da ke gabansa.

Da yamma aka fito filin. Jama'a sun zauna a kan ciyawa bayan igiya, mai sanarwa yana bayani ta lasifika, rundunonin biyu suka jeru da tutocinsu. An fara da igwa da bindigogin albarushi, waɗanda ƙararsu ta sa ƙananan yara toshe kunne, hayaƙi ya turnuƙe, sannan maharba suka saki kibau sama suka zubo kamar ruwa. Haka ainihin yaƙin ya fara da safiyar 4 ga Mayun 1471, domin Sarki Edward ya fi abokan gabarsa manyan bindigogi, kuma ya yi ta zuba musu wuta har sarkin yaƙin Lancaster, Edmund Beaufort basaraken Somerset, ya kasa jurewa ya zagaya ta wata ɓoyayyiyar hanya ya afka wa ɓangaren York ta gefe. Dabarar ba ta yi nasara ba, saboda sauran rundunarsa ba ta kawo masa ɗauki ba, ga shi kuma Edward ya riga ya ɓoye mahaya 200 masu masu a cikin wani kurmi, waɗanda suka fito suka auka masa ta baya. Ƙanin sarki, Richard basaraken Gloucester, wanda daga baya ya zama Sarki Richard na Uku, yana jagorantar ɓangare guda na rundunar a ranar, yana da shekara 18.

Masu kwaikwayon sun yi aikinsu da gaske, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe tana isowa har inda muke. Amma abin da idona ya fi komawa kansa shi ne matan da ke shiga fili da tulunan ruwa duk lokacin da aka ɗan tsagaita, suna ɗaga murfin kwalkwali suna shayar da mazajen da fuskokinsu suka yi jawur. Waɗannan mutane ne da suka yi barci suka ƙoshi, kuma sun san da yamma za su koma tantunansu lafiya. Wani marubuci na ɓangaren York da ya rubuta labarin a wancan zamani ya ambaci cewa ranar da ta gabaci yaƙin rana ce mai tsananin zafi, kuma rundunar sarki ba ta sami abin sha a hanya ba sai wani ɗan rafi da kekunan kaya suka riga suka dagula. Bayan wannan tafiya suka kwana a fili, suka tashi da asuba suka ɗaura lifidi. Na tuna da ciwon bayan da dare ɗaya a tanti mai kyau ya bar mini, sai na ji tausayin waɗannan bayin Allah ya kama ni fiye da yadda na zata, musamman da yake mafi yawansu manoma ne da barori da suka biyo iyayen gidansu, ba su da abin da za su samu ko wane ne ya hau gadon.

Bayan an tashi, mun taka zuwa wani siririn fili mai ciyawa da bishiyoyi a gefensa, wanda sunansa na Turanci yake nufin fadamar jini. Nan ne mayaƙan Lancaster da suka watse suka bi suna neman kogi, aka rutsa da su aka karkashe, wasu kuma suka nutse a ruwa. Ana ƙiyasta cewa kowace runduna ba ta wuce mutum 6,000 ba, kuma ɓangaren Lancaster ya rasa kusan 2,000, ciki har da Yarima Edward. Wurin shiru yake, babu abin da ke motsi sai tsuntsaye da masu yawo da karnuka. Sunayen manyan da suka mutu suna rubuce, tambarinsu yana rataye a titunan gari, amma na waɗanda suka faɗi a wannan fadama babu wanda ya adana. Aminina ya tsaya ya daɗe yana kallon ciyawar, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Daga nan ya yi mana sallama ya koma gida, ni da yaron muka nufi zango. A daren ne ruwan da dattijon nan ya yi hasashe ya sauko, da iska daga yamma, tantin yana ta kaɗawa amma ko turke ɗaya bai motsa ba. Yaron bai yi barci da wuri ba. Cikin duhu ya ce, "Baffa, yariman nan da aka kashe, da gaske shekarunsa 17?" Na ce masa haka ne, an haife shi a 1453, kuma wannan ne yaƙin farko da ya shiga da kansa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi abin da ya sami mahaifiyarsa. Na gaya masa cewa an kama ta bayan 'yan kwanaki aka kai ta Landan, mijinta ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan a cikin watan nan na Mayu, ita kuma ta yi shekaru a tsare kafin Sarkin Faransa Louis na Sha Ɗaya ya fanshe ta, ta rasu a can a 1482 ba miji ba ɗa ba mulki. Daga nan hirar ta koma kan kakansa, ya ba ni labarin abubuwan da bai taɓa faɗa wa mahaifinsa ba don gudun kada ya tayar masa da mikin rashin, muna magana ƙasa-ƙasa ruwa yana dukan rufi.

Ranar Lahadi da safe, kafin jama'a su cika gari, muka shiga babbar majami'ar Tewkesbury, wadda hasumiyarta ake hangowa daga ko'ina a kwarin. An keɓe ta domin ibada a 1121, kuma manyan ginshiƙanta na dutse suna nan yadda magina suka bar su. Cikinta ne Somerset da wasu manyan Lancaster suka gudu suka nemi mafaka bayan an karya su, amma bayan kwana biyu aka fito da su, aka yi musu shari'a ta gaggawa, aka fille musu kai a kasuwar garin ranar 6 ga Mayu. Ginin ya tsira daga rushewa ne a 1540, lokacin da Sarki Henry na Takwas yake rufe gidajen 'yan zuhudu, saboda mutanen gari sun haɗa fam 453 sun saye shi, wato kimar ƙararrawoyinsa da dalmar rufinsa. Garin yana mahaɗar kogin Severn da kogin Avon, kuma a ambaliyar Yulin 2007 ruwa ya kewaye majami'ar har ta zama kamar tsibiri.

A can gaba, a daɓen wurin mawaƙa, akwai wani ɗan allon tagulla da aka kafa domin tunawa da Yarima Edward, wanda aka binne a cikin ginin. Ba shi da girma, mutum yana iya wuce shi bai lura ba. Wani ma'aikacin wurin ya ce mu ɗaga kai, muka ɗaga, sai ga zanen rana mai haskoki a jikin rufin, daidai saman wurin, wato tambarin gidan York, na waɗanda suka yi nasara a kansa. Yaron ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ja da baya kaɗan don kada takalminsa ya taɓa allon.

Mun koma gona da azahar muka tarar da rana ta fito amma tantin bai gama bushewa ba. Dattijon ya ce in naɗe shi haka nan, amma lalle in shanya shi da zarar na isa gida, in ba haka ba zai yi fumfuna. Yaron ne ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya yana tumɓukewa, yana goge ƙasar da ke jikinsu da ciyawa, ya ƙirga su ya zuba a jaka. Na mayar da shi Gloucester da la'asar, uwargida ta hana ni tafiya sai da na sake zama, kuma kafin in tashi mahaifinsa ya ɗauko kalanda muka sa ranar da za su zo wurina a watan Agusta. Sun rako ni har bakin mota, yaron yana riƙe da jakar turakun.

"Baffa, ku bar wannan a wurina," in ji shi. "Idan za mu zo zan taho da ita, da guduma."